Muryar Ofis

A wurin aiki Bakin Zuma suke kiranta. Ta tsufa a ɗakin karɓar ƙorafi na wani kamfanin waya, abin saurare maƙale a kai har ya yi mata kanta a bayan kunne. Daga safe zuwa yamma mutanen da ba ta taɓa gani ba suna juye mata fushinsu, ita kuwa tana tarbarsa da murya mai laushin auduga. In ta dawo gida, ƙafafu a kumbure, muryar nan ce ke biyo ta. Tata ta ainihi ta manta inda ta ajiye.

Auta, ɗiyar da ta rage mata a gida tun rasuwar maigidan, ta ce ita gidan Yaya za ta koma da zama. Wannan ne ya kai su wurin mai ba iyali shawara, wadda ta ba su aron wani ɗan mutum-mutumi mai magana, mai tsayin tulu, idanunsa fitilu biyu. Auta ta raɗa masa Kawu. Dokarsa guda ce: kafin ka ba da amsa, maimaita abin da aka faɗa maka.

Wannan kuwa ai sana'ar uwar ce. Kullum Kawu yabonta yake, kullum fuskar Auta ƙara rufewa take.

Ranar Asabar da hantsi suka zauna a falo, Kawu bisa tebur, jakar Auta a ɗaure a bakin ƙofa.

"Mama, ba kya jina," in ji Auta.

"Idan na fahimce ki, kina ganin ba na jinki. Ki yi haƙuri da hakan."

"Madalla, kin saurara da kyau," in ji Kawu.

Auta ta yi dariyar da ba daɗi. "Kawu, kun dace wallahi, a ɗaura muku aure. Mama, ni kwastoma ce? Na ƙona miki riga da dutsen guga, kika ce kin gode da na sanar da ke. Ki zage ni mana!"

Uwar ta buɗe baki, jimlolin ofis suka taso a jere, a goge, kowace na jiran a kira ta. Ta haɗiye su. Kawu ya juyo da fitilunsa.

"Za ki maimaita abin da ta ce?"

"Ba zan maimaita ba." Muryar da ta fito a dishe take, ba kyan ji. "Ke, mara kunya, rigar nan babanki ya saya min. Na yi kuka a banɗakin ofis. Na gaji, Auta, har ƙashina. In kika tafi, da wa zan yi shiru a gidan nan?"

Kawu ya ce an karya doka. Ba wanda ya kula shi.

Auta ta miƙe ta nufi ƙofa. Ta tsaya a gaban jakar, sannan ta zauna a kanta.

"Ci gaba," ta ce. "Ina ji."