Namadi Mai Igiya da Rufin Ɗakin Zubaida

Can bayan Banga, a ƙasar Ƙaura, akwai inda gulbi ya rabu biyu ya bar wani ɗan tudu a tsakiya, sannan ya sake haɗewa a gaba. Da rani ba wani abu ba ne, yashi kawai za ka yi ta takawa har ka isa. Amma da zarar damina ta kankama sai wurin ya koma tsibiri, ba shiga ba fita sai da ɗan fito da gorarsa. Gida ɗaya tak ke kan tudun nan, na Malam Namadi mai igiya da matarsa Zubaida, kuma sun haura shekara talatin a can.

Namadi dogo ne siriri, in ya sa riga sai ka rantse a kan sanda aka rataye ta. Tufka ya gada wajen mahaifinsa. Yakan shuka rama a gefen gero, ya jiƙa ta a gulbi, ya ɓare, ya zauna gindin tsamiya yana murzawa a cinya. A da, ran Alhamis in ya sauke kaya a kasuwar Shinkafi, kafin azahar makiyaya sun wawashe. Sai igiyar roba ta shigo, shuɗiya da ja, ga arha, kasuwa ta juya masa baya. Shi kuwa bai fasa tufka ba. Igiya ta taru a gida, sai ya shiga ɗaure duk abin da idonsa ya gani. Rediyo a ɗaure, buta a ɗaure, wayar hannun da ɗansa ya saya masa tana rataye a wuyansa da igiyar da za ta riƙe maraƙi. Kuma tun da yake bai taɓa sa wa igiya wuƙa ba. Ko ƙulli ya cije, gara ya wuni yana lallaɓa shi da haƙori da farce, don a wurinsa yanke igiya wulaƙanta gumi ne.

Zubaida kuwa gajera ce mai jiki, ga baki. Takan ce ita kaɗai ta rage a gidan ba a ɗaure ba, ita ma don ba ta zama wuri ɗaya ne.

Rigimar ta samo asali ne bara. Autansu Armiya'u, mai gyaran babur a Ƙaura, ya ce ya gaji da ganin uwarsa ƙarƙashin jinka, ya kawo kwano da kafinta aka rufe mata ɗaki. Namadi ya ce a bari ya ɗan ratsa igiya ta sama. Armiya'u ya ce, "Haba Baba, kada ka ba mu kunya mana. Kwano ne fa, ƙusa ke riƙe shi." To, ƙusa ta riƙe shi har hadarin ƙarshen damina. Rannan iska ta ɗauke rufin ɗungurungum, sai washegari aka tsince shi a ƙetare, kwance kan waken wani bawan Allah Isah. Katifar Zubaida ta sha ruwa, tufafinta suka yi wari. Da 'yan jaje suka zo, ta miƙe gabansu ta ce, "Ku zama shaida. Wallahi in rufin ɗakin ga ya sake tashi, ni ma na tashi. Ƙaura za ni wajen Auta." Armiya'u kuwa abin nema ya samu, nan da nan ya gyara mata ɗaki a gidansa har da fanka, sannan ya zo ya sake buga rufin.

Namadi ya yi dariya a lokacin, amma maganar ta tsaya masa a rai shekara guda cur. Ya san matarsa, ba ta rantsuwa ta janye. Shi ba zai iya zaman Ƙaura ba, ina zai jiƙa rama? Kuma ba zai iya zaman tsibirin ba tare da ita ba. Wannan kam ko a gaban alƙali ba zai faɗa ba, amma tsoro yake ji ƙwarai.

Bana, ana gama ɗaure gero an zuba a rumbu, sai rediyo ta ce masu hasashen yanayi sun hango ruwa da iska mai ƙarfi tafe, gobe ko jibi. Ba a jima ba waya ta yi ƙara a ƙirjin Namadi.

Armiya'u ne. Ya ce, "Baba, ku ƙetaro tun gulbi bai ƙara cika ba."

"Muna nan inda muke."

"To ba ni Inna."

Da yake wayar a ɗaure take, dole Namadi ya sunkuya Zubaida ta yi magana a ƙirjinsa, don haka ba abin da ya wuce kunnensa. Ta ce, "Auta, ka dai sa a share ɗakin. Ba a san abin da Allah zai yi ba." Da yamma kuma ya leƙa ya ga ta tattara tufafinta cikin jakar gana-mas-go ta naɗe da leda. Sai ya wuce ɗakin ajiya.

Da sassafe ya hau aiki. Ya sare reshen tsamiyar da ya leƙo kan katanga. Ya kora awaki zaure. Ya ɗaure jinkar rumbu ta kowace kusurwa, ya kife tuluna, ya ɗaure akurkin kaji a jikin turke har kajin suka rasa ta inda za su fita. Sannan ya fito da igiyar da ya fi ji da ita, mai tufka uku, wadda ya yi damina biyu yana murzawa, ya ƙi sayar da ita ko nawa aka taya. Ya fere turaku na ƙirya, ya ɗaura dutse a bakin igiyar don ya wurga ta ta saman ɗakin. Wurgi na farko, dutsen ya sauka kan kwano, ƙwam!

Zubaida ta fito a fusace. "Malam, kai za ka riga iskar ne?"

Ya yi kamar bai ji ba. A wurgi na uku igiya ta ƙetara. Ya yi ta kai da komo da ita, gabas da yamma, yana ɗaurewa a turaku, amma kowane ɗauri sai ya bar masa sassauci kamar faɗin yatsu huɗu. Zubaida ta ja ɗaya ta ga yana lilo.

"Mi ne wanga kuma? Ƙarfin ne ya ƙare?"

Nan fa ta taɓo inda yake masa daɗi. Ya gyara tsayuwa ya ce, "Rama ce, ba roba ba. In ta sha ruwa ita ke ɗame kanta. In ka ɗame ta tana busasshiya, ruwa na zuwa sai ta tsinke ko ta tuge turke. Ke dai ki yi kallo."

Ya zo kafa turken ƙarshe, na kusurwar gabas, ta inda hadari ke tasowa. Zubaida ta ce, "Kada ka kafa shi nan. Nan nika zubda ruwan wanke-wanke tun da muka zo gidan ga. Ƙasar ta yi laushi."

"Shekara hamsin ina kafa turke," in ji Namadi.

"Ni kuma shekara talatin ina zubda ruwa."

Ya ɗaga guduma. Sauran turakun sai da ya yi musu bugu goma-goma, wannan kuwa bugu uku ya nutse. Mai hankali da ya tsaya ya yi tunani. Namadi sai ya dubi damtsensa, ya gode wa Allah da har yanzu da sauran ƙarfi.

Ana idar da la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin. Tsuntsaye suka yi tsit, ruwan gulbi ya koma toka-toka. Namadi ya ce wa Zubaida ta shiga ɗakinsa mai rufin ƙasa ta zauna, kada ta kuskura ta fito. Shi kuma ya nufi rumbu, don ya ga jinkar ta fara rawa.

Kai, iskar nan ta zo da gaske! Ta kwantar da karan dawa, ta yi sama da tabarma, ruwa ya biyo ta yana dukan fuska kamar tsakuwa. Namadi ya rungume ƙafar rumbu yana salati, rigarsa na neman tafiya ta bar shi. Da ruwa ya jiƙa igiyoyin ya ga sun ɗame tsam, yadda ya faɗa, har ya ji wani sanyi a ransa, ya ce ina ma Zubaida na kallo. Bai rufe baki ba sai ya ji ƙara ta gabas. Ƙwam! Ƙwam! Kwano ne ke ɗagawa yana faɗuwa. Ba sai an gaya masa ba, turken ruwan wanke-wanke ne ya tuge.

Ya saki rumbu. Tsayuwa ba ta yiwuwa ga mai jiki irin nasa, sai ya kama rarrafe cikin taɓo, yana tafe yana cewa a ransa shi ke nan, an gama da shi, gobe war haka tana ƙarƙashin fanka. Kafin ya kai kusurwar ɗakin sai ƙarar ta tsaya. Ya ce to, rufi ya riga ya tashi ke nan.

Ya leƙa. Ga turke can yashe a ƙasa. Ga turmin daka an kwantar da shi, an naɗe shi da igiya zagaye biyu. Ga Zubaida zaune daram a kan turmin, ta ɗaura sauran igiyar a ƙugunta, ta kafe dugadugai cikin taɓo, ta riƙe da hannu biyu. Ɗankwali ya daɗe da tafiya. Duk sanda iska ta bugo sai ta ɗan ɗaga ta, ita kuma ta koma ta danne.

Ta daka masa tsawa cikin ruwan, "Tsayawa za ka yi kana kallona? Zo ka zauna, ko da yake ba wani nauyi gare ka ba!"

Ya rarrafa ya haye gefen turmin, ya kama igiyar ta sama da hannunta. Haka suka zauna, tsoho da tsohuwa, ruwa na zuba a kansu, har iskar ta gaji ta wuce yamma.

Kafin magariba gari ya washe. Jinkar rumbu na nan. Buta ta tafi, ta bar mariƙinta a jikin igiya. Rufin ɗakin Zubaida ya ɗan lanƙwashe a kusurwa ɗaya, amma yana nan inda kafinta ya bar shi.

Namadi ya dubi ƙullin da ta yi a ƙugu, ya buɗe baki zai ce ba haka ake ƙulli ba, sai idonsa ya kai kan tafin hannunta. Igiya ta saɓule fatar, jini na tsatsafowa.

Can ya ce a hankali, "Da kin saki, da gobe kina Ƙaura."

"Na sani."

"To mi ya hana? Na ga har kin haɗa kaya."

"Kaya don kada su jiƙe ne, awa bara." Ta share ruwa daga fuskarta da bayan hannu. "Na yi rantsuwa gaban mutane, Malam. In ya tashi, dole in tashi. Shi ya sa ban bar shi ya tashi ba. Kwance ni, abin ga ya matse ni."

Ya durƙusa ya kama ƙullin. Rama ta sha ruwa ta cije, ta shige cikin naman ƙugunta, numfashi ma da ƙyar take yi. Ya gwada da farce sau ɗaya, idonsa ya cika da ƙwalla. Sai ya miƙe ya shiga ɗaki da sauri, ya fito da wuƙa, ya datse igiyar.

Zubaida ta bi guntayen da kallo, baki buɗe. "Malam! Mai tufka ukun taka?"

Ya kama ta ya tayar da ita daga kan turmin, ya ce, "Akwai rama a gona."