Na Bar Na Ɗaya Don a Bar Ni In Ci Tuwo

Edita, ina gaisuwa. A shekarun farko bayan samun mulkin kai, ni yaro ne ɗan Maguzawa daga wani ƙauye tsakanin Malumfashi da Kafur. Gidanmu gidan noma ne, dawa da auduga, kuma duk ɗan da ya isa riƙe fartanya gandun mahaifinmu yake shiga. Ni kaɗai aka zare cikin 'yan'uwana, saboda na ci jarrabawar shiga makarantar sakandare ta gwamnati, ta kwana. Mahaifina bai so ba. Da ƙyar malaminmu na firamare ya shawo kansa, shi ma da sharaɗi. Ya ce zai haƙura da rashin hannuna a gona muddin ni ne a gaba a aji, ranar da na koma baya kuwa in ɗauko akwatina in dawo. Mutum ne da ko a gayya ba ya yarda wani ya riga shi kai ƙarshen kunya.

Da na isa makarantar sai na tarar yawancin ɗaliban 'yan birni ne, 'ya'yan hakimai da alƙalai da ma'aikatan hukumar gargajiya ta En'e da manyan 'yan kasuwar Funtuwa. Mu 'yan ƙauye yawanmu bai taka kara ya karya ba, Bamaguje kuwa a ajinmu ni kaɗai ne. Al'adar wurin ita ce a kasa ɗalibai rukuni-rukuni, kowane rukuni da kwanon tuwonsa guda, a zagaye shi a ci tare. Da farko ba laifi, ana zolayata da tsagen fuskata da irin maganata, ina dariya ina kai loma. Tsiyar ta fara ne ranar da aka tara mu a fili aka karanta sakamakon zangon farko, sai ga sunana a sama. Har yau ina tuna yadda wurin ya yi tsit.

Bayan hutu 'yan birnin suka dawo da wata fuskar. Ashe iyayensu sun ci musu mutunci a gida, ana tambayarsu yadda aka yi ɗan arna ya wuce su. Sai a lokacin aka tuna hannuna ba shi da tsarki. In na matso sai a janye kwanon, ko a yanko mini ɗan guntu a murfi a tura mini gefe. Babban rukuninmu, wani ɗan alƙali, ya tare ni a bayan ɗakin kwana ya faɗa mini ƙiri-ƙiri cewa addinina bai dame su ba, in dai zan rage zaƙewa a jarrabawa, kwano a buɗe yake. Yunwar makarantar kwana ba kanwar lasa ba ce, kuma kaɗaicin ya fi yunwar ciwo. Na yarda.

Haka na koyi faɗuwa da gangan. Ina kallon lissafin da zan iya yi ido rufe, in karkatar da amsar, ko in tsallake tambaya kamar ban gan ta ba. Na sauko tsakiyar aji, na samu wurin tsugunawa a bakin kwano, har da abokan hira. Cikin malamanmu babu wanda ya kira ni ya ji dalili. Na ji ɗaya da kunnena yana cewa dama yaran ƙauye wutar kara ne, yanzu ta tashi yanzu ta mutu. Wannan magana ta ƙona mini rai fiye da janye kwanon.

Mahaifina bai san boko ba, tambayarsa ɗaya ce duk hutu, mutum nawa ne a gabana. Na yi ta kewaye-kewaye har hutun damina na shekara ta uku, ya tsare ni a gindin rumbu, na rasa mafita na faɗa masa ina tsakiyar aji. Bai yi faɗa ba. Ya ce in dai tsakiya ce, gara in tsaya a tsakiyar gonarsa, ko ba komai can ana samun dawa. Kafin ya tashi ya dube ni ya tambaya ko karatun ne ya fi ƙarfina. Na san da na faɗi gaskiya da kansa zai mayar da ni makaranta. Amma da wane baki zan ce wa mutumin nan na ba da gaba don a bar ni in sa hannu a tuwo? Na ce masa e, ya fi ƙarfina. Ya gyaɗa kai ya miƙo mini fartanya.

Noma bai kunyata ni ba, na ci na ciyar. Sai dai ɗacin bai bar ni ba, domin cikin waɗanda na matsa wa suka wuce babu wanda ya taɓa tambayar inda na shiga. Malamai, in yaro mai ƙoƙari ya sauko kwatsam, kada ku ce halin garinsu ne, ku bi shi ku ga yadda ake zama da shi. Iyaye masu yi wa 'ya'yansu gorin ɗan wane ya fi ka, ku sani a kan ɗan wanen fushin yake sauka. Ku kuma yara, duk wanda ya ce sai kun rage kanku zai zauna da ku, ku kai ƙara gida tun da sauran mai saurare. Mahaifina ya rasu yana ɗauka kan ɗansa ne bai ja ba, kuma yanzu ba ni da inda zan kai masa gyara.