Motar Sale Ba Ta Ɗaukar Buhu

Muna idar da asuba muka bar Yola, ni da wani abokin tafiya da za shi Yawunde. A jakata akwai kilishi, da wata 'yar kwalbar mai da taubashina Sale ya yi wata biyu yana damuna a waya in nemo masa. Ya ce man shokozoba ne. Na ce wace mota ce shokozobarta ke shan mai a kwalbar turare? Ya ce in zo Duwala in gani.

Da can ta Kalaba nake shiga, amma tun da rikicin yankin masu Turanci ya ɓata wancan gefen, ta arewa ake zagayowa. Garwa, Gaundare, sai jirgin ƙasa. Duk tashar da ya tsaya mata na miƙo zuma da bobolo ta taga, wato rogon nan da ake naɗewa a ganye. Fiya kuwa araha, har abokin tafiyata ya ci huɗu ya daina magana.

Daga Yawunde na shiga wata ƙaramar mota mai ɗagaggen baya, mu uku kacal. Muna wuce Edeya ruwa ya sauko. Jama'a, duk kwanar da muka sha sai bayan motar ya zame gefe, ni kuma in ƙara salati. Direban ya tsaya ya ɗauki wasu mata biyu da buhunan gwaza, ya cusa a but. Nan take mota ta natsu. Ya ce, "Patron, na ƙara mata sifirin saboda kaya. In ba nauyi, baya ba ya kama ƙasa."

Unguwar New Bell ta Duwala tana nan yadda na bar ta: hayaƙin suya, ƙarar baburan haya da suke ce wa bensikin, Hausa da Faransanci a baki ɗaya. Sale ne ya canza. Shekara da shekaru yana gyaran manyan motocin da ke zuwa Kumba da Bamenda. Rikici ya tsayar da su, gareji ya mutu, shi kuma ya zauna kan tabarma ko majalisa ba ya fita. Wani abokinsa ɗan ƙabilar Bamileke ne ya ja shi unguwar Bepanda, inda manyan mutane masu furfura ke tseren ƙananan motocin rimot duk Lahadi a filin wani sito.

Matarsa Hajiya Ladi ta tare ni a tsakar gida. "Yaya, Lahadi biyar ke nan 'yar motar rimot ɗinsa na juyewa a kwana ɗaya ana masa dariya. Ya rantse in bai gama tseren jibi ba, zai ɗora ta saman durowa ya manta da ita. In ya ajiye ta, wallahi tabarmar nan zai koma."

Ranar Asabar ya baje ta a kan benci. Tsawonta bai kai kamu biyu ba, amma komai na babbar mota tana da shi. Ya nuna min yadda yake karkata kan tayoyin ciki kaɗan don su kwanta sosai a kwana, da yadda yake auna tsayinta daga ƙasa da kwalin ashana. Bayani yake kamar mai karatun wa'azi. Ni ko sipana ban iya riƙewa ba, amma na danna gaban da yatsa, ya lotsa. Na danna bayan, kamar na danna bencin.

Na ce, "Mai gareji, buhu nawa za ta ɗauka gobe?"

Ya ce, "Kai da ko keke ba ka iya ba."

Na ba shi labarin direban Edeya da gwazarsa. Ya danna bayan da kansa, ya sake dannawa. Duk rayuwarsa ba motar da ta bar garejinsa sai ya taurara mata baya, don a Duwala ba a tuƙa mota ba lodi. Hannunsa ya yi abin da ya saba, bai tambaye shi ba.

Ya sa sifirin masu laushi, ya zuba man da na kawo, ya sauke bayan kaɗan. Muka gwada a tsakar gida. Wannan karon baya ya kama ƙwarai har gaba ya ƙi shan kwana, ta miƙe ta daki robar wankin Hajiya. Ya matsar da kan shokozoban rami ɗaya, ya gwada, ya ƙara taɓawa. Sai la'asar ta zagaye robar sumul.

Lahadi muka hau bensikin zuwa Bepanda, yana rungume da ita cikin zanen Hajiya. An jera tsofaffin tayoyi an yi hanya. Da aka zo kwanar nan tasa, na rufe ido ɗaya. Ta wuce. Ta sake wucewa. Bamileken yana tsalle yana ihu da Faransanci, "Aladji, c'est ça!" wato yawwa Alhaji. Na uku ya zo, amma da kun ga yadda ya ɗaga rimot sama, sai ku ce shi ya cinye Kamaru. Hajiya ta gasa kifi manya, ta zuba min barkono ninkin nasa, ta ce ladana ke nan.

Na iso Yola lafiya, ƙafafu a kumbure. Abin da na tsinta a wannan tafiya: gwani ma hannunsa kan yi masa gardama, kuma fasinja da ya sha tsoro a kujerar baya yana da abin faɗa. Jiya Sale ya kira daga majalisa, hayaniya ta cika wayar. Har yanzu yana gaya wa mutanen Bepanda man Yola ne ya gyara motar. Na ce masa haka ne, zan aiko da kwalba biyu.