Motar da Baba Ya Ƙi Karɓa

Jiya da hantsi wata babbar mota ta zo juyawa a bakin layinmu a Bagadaza, sai na ji yaron motar ya daki bodi da tafin hannu sau biyu. Ina tsintar shinkafa, amma sai da na ajiye tiren. Da irin wannan dukan aka ciyar da mu muna yara, ni kuwa ban sani ba sai da na kai shekara goma sha ɗaya.

Babanmu direba ne. Motar wani Alhaji yake ja, tsohuwar motar Ingila mai bodin katako, sitiyarinta a dama. Da kaka auduga yake kwasowa daga ƙauyuka, ya dawo gida har gashin girarsa ya yi fari. Sauran shekara kuwa duk abin da ya samu, gyaɗa, gishiri, ga mutane a saman kaya. A tashar Gombe ta wancan zamani, da irin motarsa ake sanin direba. Masu ta Ingila bencinsu daban a wurin mai shayi, masu ta Jamus nasu daban, kullum cikin tsiya suke. Waɗannan su ce ta Ingila tsohuwa ce mai tari, sai an lallashe ta take hawa tudu. Waɗancan su ce ta Jamus ba ta san talaka ba, in ta tsaya a daji sai ka yi kwana uku kana jiran bakanike daga Jos. Baba ne mai bakin 'yan Ingila. In ya fara, har masu ƙosai matsowa suke yi.

Shekarar da gwamnati ta ce a koma tuƙi ta hannun dama, masu ta Ingila suka sha wahala. Direba yana zaune ta gefen daji, ba ya hango abin da ke tahowa in zai wuce wata mota. Sai kowa ya ajiye mutum a kujerar hagu yana duba masa. Na Baba ƙanensa ne, Bappa, magidanci mai 'ya'ya huɗu. Ya leƙa ta taga, in hanya ta buɗe ya daki ƙofa sau biyu, in da abu sau ɗaya. Tunda kowa haka yake yi, ba wanda ya taɓa tambaya.

Abin da tasha ba ta sani ba, idon Baba na hagu ya mutu. In ka kalle shi garau yake, amma babu komai a ciki. Inna ta sani, Bappa ya sani. Ni na sani ne ranar da ya kira ni bayan ɗaki, inda muke ɗaure akuya. Ya ɗiga wani magani da aka kawo masa, ya rufe idon dama da tafin hannu, ya ce in ɗaga yatsu ya faɗa mini nawa ne. Na ɗaga uku. Can ya ce, "Uwata, ɗaga mana." Ni kuwa har hannuna ya fara gajiya. Duk Juma'a sai mun yi haka, magani ya ƙare a sake wani, ba mu taɓa samun ko yatsa ɗaya ba.

Sai kuɗin mai suka shigo ƙasa. Ga siminti, ga rodi, ga kayan gini, masu motoci suka dinga sauke sababbi fil daga Ikko, duk masu sitiyari a hagu. A cikin irin wannan motar direba ne da kansa yake zama ta gefen da motoci ke tahowa, ba mai duba masa. Abokan Baba suka riƙa sauya benci ɗaya bayan ɗaya, har ya rage daga shi sai Bappa. Bakinsa ya ƙara kaifi a tasha. A gida kuwa tuwo ba ya wuce masa, sai ya yi loma biyu ya ture kwanon.

Wata ranar Laraba ya shigo da sabon makulli a hannu. Alhaji ya sayo ta Jamus, ya ce babban direbansa ne zai fara hawa. Tsohuwar kuwa an riga an sayar, za a cire injinta a yi injin niƙa. Inna ta durƙusa a gabansa, ban taɓa ganin ta yi haka ba. Ta ce ya dubi Allah ya gaya wa Alhaji gaskiya, ko aikin lodi ne ya ba shi. Baba ya ce ranar da aka ji ya yi shekaru yana ɗaukar mutane da ido ɗaya, ko amalanke ba mai ba shi, kuma da Bappa za a haɗa a kora. Gida biyu ke nan, baki goma sha biyar. Ya ce bari dai ya gwada, babu kaya, daga nan zuwa Kwadon.

Abin da ya faru daga bakin Bappa na ji shi, yana faɗa wa Inna ina wanke-wanke. Sun je lafiya. A dawowa Baba ya fito zai wuce wata tarakta, ashe wata mai nono ta taso daga hagu za ta tsallaka, da goyo a bayanta. Bappa ba shi da lokacin magana, sitiyarin ya fizga. Ƙwarya ta fashe, nono ya malale a kwalta, matar ta tsaya tana zagi. Baba ya taka burki yana tambayar me ya faru, don har lokacin bai gan ta ba. Da ya gan ta, ya ga ƙafar jaririn tana lilo, sai ya sauka daga kujerar direba. Bappa, wanda ko lasin ba shi da shi, shi ya jawo motar har bakin gari.

Washegari ina tasha da tiren dafaffiyar gyaɗa lokacin da Baba ya zo. Tashar a cike take, Alhaji na tsaye jikin sabuwar motarsa. Baba ya miƙa makullin da hannu biyu.

"Ranka ya daɗe, ni ba na jan wannan. Sitiyarinta kamar na keke, motar yara ce. In babu tawa, a bar ni."

Aka kwashe da dariya. Alhaji bai yi dariya ba, don a gaban mutane aka kushe masa dukiya. Ya karɓa ya miƙa wa wani wanda Baba ne ya koya masa tuƙi. Shi ke nan.

Daminar nan ba na son tuna ta. Baba ya bi masu motoci gida gida, daga unguwar Madaki har bayan gari, yana neman wadda ta rage mai sitiyari a dama. Ya samu tafiya ɗaya, ya samu biyu, sannan babu. Kwanukan auren Inna suka fita da ɗaɗɗaya cikin zane. Muka koma cin abinci sau ɗaya, ƙanwata tana kuka tana lasar murfin tukunya. Bappa ya koma dako. Baba ya ƙare da sayar da baƙin mai a kwalabe a bakin tashar da a da ake tashi a ba shi wuri. Ba zan ɓoye muku ba, na ji haushinsa. Akwai ranar da na so in tsaya a tsakiyar tasha in faɗi gaskiya ko a tausaya mana, tsoron idon Inna ne ya hana ni.

Yanzu motocin daga Sin suke zuwa, wasu daga Amurka, kuma har yau direbobi na musu a wurin mai shayi. 'Yan tsofaffin da suka rage, in sun gan ni sai su nuna ni wa matasa, su ce ga 'yar mutumin da ya zaɓi yunwa a kan ya ci amanar motarsa, yanzu babu irinsu. Nakan ce haka ne, Allah ya jiƙan magabata. Ban taɓa gaya musu abin da ya ce mini ba a shekararsa ta ƙarshe, bayan ɗaya idon ma ya tafi, ina yanke masa farce a zaure.

"Uwata, kin tuna motar nan da na zaga? Wallahi tunda nake ban taɓa jan mai daɗinta ba. Daga nan zuwa Kwadon kawai aka rubuta mini."