Ƙeyar Yaya a Cikin Teku

Inna ba ta taɓa ganin teku ba sai ranar da 'yan porje, masu aikin raya karkara, suka kawo silima lakwal, makarantar bokon garinmu Guci. Ni ma haka, amma da yake na yi boko, na shiga ina taƙama kamar a bakinsa aka yanke mini cibiya.

Da hantsi ne. Aka toshe tagogi da tabarmi, aka tayar da gurup, injin ba da wuta, muka cika aji har da masu goyo. Mai silimar, wani saurayi ɗan Damagaram mai tabarau, ya ce duniya tana ɗumama, teku yana cinye garuruwan bakinsa, mu kalla mu tausaya. Da ruwan ya bayyana a bango, shuɗi har iyakar gani, wani tsoho ya ce, "Masha Allah." Ya kuma tambaya ko in ya janye ana dasa rake a wurin. Mai tabarau ya share zufa.

Sai ga wani mutum ya ba mu baya, ruwa har ƙugu, ya rungume akuya.

Inna ta miƙe tsaye. "Dakata. Wannan ɗana ne."

Yayana yana Kwatano, birnin da ke gaɓar teku, yana sayar da albasa, kuma tun kaka salularsa ba ta shiga. Duk gidan mun lura tuwon Inna yana dawowa a kwano.

Kunya ta kama ni, na ja zanenta. "Inna, zauna. Wannan wata ƙasa ce can nesa."

"Ke kika haife shi? Dubi ƙeyar nan."

Maganar gaskiya, gidanmu Allah ya ba mu ƙeya. Daga baya ake gane mu ranar kasuwa. Nan take mata suka rabu biyu, wasu na cewa ƙeyarsa ce ba musu, wasu na cewa kunnuwan sun yi ƙanana. Gwaggona ta ce ita akuyar ce ba ta gane ba.

"Yaro, ka ce masa ya juyo," in ji Inna.

Mai tabarau ya ce ba ya juyuwa, sai dai ya maido mata wurin ta sake gani. Ya danna wani abu. Mutumin ya riƙa tafiya da baya, ruwa ya janye, wani ɗaki da ya rushe ya tashi ya tsaya da ƙafarsa.

"Yauwa, bar shi a haka," in ji tsohon nan. "Ashe kana da abin gyara a hannu, ka zo kana tayar mana da hankali."

Na yi dariya har da hawaye. Da na waiwaya, Inna ba ta dariya, ta dafe ƙirji tana kallon bango. Tausayinta ya kama ni, na riƙo hannunta muka fita.

Muka hau tudun yashin bayan lakwal, inda rezon salula ke kamawa. Na kira wani direba ɗan garinmu da ke zuwa Kwatano, muka taki sa'a yana can, ya shiga kasuwa ya nemo Yaya. Ashe salularsa ce ta faɗa bokitin wanki.

"Kana cikin ruwa?" in ji Inna.

"Wane ruwa, Inna? Ni ko bakin tekun ban taɓa zuwa ba."

"Akuyar fa?"

"Wace akuya?"

Ta wanke shi tas, ta haɗa har da ƙeyar, sannan ta sa masa albarka ta miƙo mini salula. Na ɗauka magana ta ƙare. Da muka sauko sai ta yi hanyar lakwal. An tashi, mai tabarau yana naɗe waya.

"Yaro, mai akuyar nan, ya fita daga ruwan?"

Ya ce bai sani ba, silimar ba ta nuna ba.

"To ka tambayo," in ji ta. "Uwarsa tana can ba ta cin tuwo."