Maƙerin da Ke Sa wa Ƙwai Takalmi

Baba Vendel ya yi shekara ashirin yana sa wa dawaki takalmin ƙarfe a ƙauyensu da ke gindin tsaunin Mecsek. Da motocin noma suka kori dawakin, bai rufe maƙera ba, sai ya koma kan ƙwai. A huda shi a zuƙe ruwan, ya yi wa ɓawon ƙananan ramuka, ya kafa masa ɗan takalmin doki da ƙusoshin darma. Ƙwan dai ba zuwa ko'ina zai yi ba, amma baƙi daga birni mota-mota suke zuwa kallo.

Baba akwai cika baki. Duk wanda ya shigo sai ya ji cewa bai taɓa fasa ƙwai a gaban mutane ba. Matarsa Etelka, mai kula da ɗakunan baƙi, takan ce, "A gaban mutane fa ya ce, ku lura."

Abin da bai faɗa wa kowa ba, tun bara hannunsa na dama ya fara rawa. Yana tsoron ranar da zai ji kunya a cikin maƙerarsa, tsoro na gaske. Ya riga ya ƙudura cewa ran da ƙwai ya fashe a idon baƙi, ran nan zai sa wa ƙofar kwaɗo.

Asabar ɗin kafin bikin Ista mutum goma sha biyu suka kewaye shi, kowa ya ɗaga waya. Ƙusa biyar suka shiga lafiya. A ta shida hannun ya ce bai san zance ba. Bakin awartakin ya shiga ƙwanƙwasa ɓawon, ƙas-ƙas. Baba ya tsaya, ya yi tari, ya kawo labarin wani ingarma da ya taɓa harbinsa. Labarin ya ƙare, rawar ba ta ƙare ba.

Sai ga Etelka da faranti, ta dire shi.

"Kai tsoho, wannan ƙaton hannun naka ya tare wa mutane komai. Kawo nan, juya su gani."

Ta kama wuyan hannunsa ta riƙe gam, wai tana gyara wa masu hoto. Ƙusar ta shige, ya lanƙwasa ta. Aka yi ta tafi, Baba har da ɗan rusunawa.

Da motar baƙin ta tafi ya zauna kan kututture, ya dubi Etelka.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun da ka koma ɗebo miya rabin cokali. Ka zaci makauniya ka aura?"

"To, Asabar mai zuwa fa? Kullum za ki ce na tare musu?"

"In sun gaji da wannan ƙaryar na nemo wata." Ta ɗauki farantinta. "Kai dai ka riƙa kirana tun a ƙusa ta biyar."