Kalma Biyu a Kowane Gurbi

Ana sallame sallar asuba muka bar Birnin Kudu, ni da wani abokin aikina, dukkanmu malaman Turanci. Motar Gwaram ta cika maƙil, kuɗinta ma ya ƙaru kan na bara. Ruwa ya zaizaye gefen hanya, dawa kuwa ta fi mutum tsayi. A tasha muka karya da ƙosai da kunun tsamiya, sannan muka nemi babura zuwa wani ƙauye ta wajen Sara. Abokina mai jiki ne, sai da mai babur ya duba tayarsa kafin ya yarda.

Hafsatu muka je gani, 'yar tsohon maigadin makarantarmu, ungozoma ce a ƙaramin asibitin ƙauyen. Ta samu gurbin ƙaro karatu a ƙasar waje, da sharaɗin ta ci jarrabawar Turanci. Sau biyu tana faɗuwa, in ta sake faɗuwa za a ba wani. Inda take tuntuɓe shi ne wajen da ake karanta labari a cike gurbin jimla da kalmomin cikinsa, kada su wuce biyu.

A zauren mahaifinta muka ba ta wani labari kan ajiyar wake. Turancinta lafiya lau. Amma a wani gurbi ta sa kalma uku, a wani kuma ta rubuta abin da babu shi a labarin.

"Malam, ai ba haka ake ajiye wake ba," in ji ta.

"Gaskiyarki," na ce. "Amma abin da marubucin ya faɗa suke tambaya."

Baban nata, da ba ya jin Turanci, ya nemi a fassara masa. Da ya ji, sai ya ce, "Ashe saninki ne ke kayar da ke." Ta yi dariya, idonta ya ciko.

Muka nuna mata ta fara duba yawan kalmomin da aka yarda, ta gane ko suna ko aikatau gurbin ke nema, ta nemo inda labarin ya faɗi maganar da wasu kalmomi, ta kwafo harafi da harafi. Muna cikin haka aka aiko wata na naƙuda. Awa biyu muka jira, muna cin dafaffiyar gyaɗa. Ta dawo, ta ce mace aka samu, ta wanke hannu ta ɗauki biro. Tambaya goma, ta ci takwas.

Kafin magariba muna gida. Shekara ashirin ina ja wa ɗalibai jan biro, ina cewa ba su iya ba, ban taɓa tambayar ɗayansu dalilin amsarsa ba. Ranar Litinin na fara tambaya. Hafsatu kuwa Asabar za ta zauna jarrabawar, a sa ta a addu'a.